Wa ke duba nonon da Birnin Kebbi ke sha?

In ka tsaya da hantsi a bakin hanyar da ta shigo Birnin Kebbi daga Kalgo, ko wadda ta fito daga wajen Ambursa, za ka ga nono yana shigowa gari. Wasu matan da ƙwarya a ka, an kifa faifai, ludayi a sama. Wasu a bayan babur, jarka biyu a ɗaure, ko farin bokitin fenti da aka wanke aka mai da shi mazubi. Kafin azahar ya watsu. Wani ya sauka babbar kasuwa, wani tasha, wani ya bi gida-gida a Badariya da Gesse da Rafin Atiku, wani kuma ya tafi kai tsaye shagon mai fura da yogot. Babu jami'in da ya auna shi, babu littafin da aka rubuta shi, ba kuma wanda zai iya nuna maka saniyar da aka tatsa.

A kantin da ke gefen wannan hanyar kuwa, kowane gwangwanin madara da kowace gorar yogot ta kamfani tana ɗauke da lambar NAFDAC da ranar da za ta lalace. Wato idon hukuma yana kan abin da aka rufe da murfi aka liƙa wa takarda. Ƙwarya, wadda ita ce ke shayar da mafi yawan mutanen gari, ta faɗa tsakanin ofisoshi.

Dokoki dai akwai su, sai dai an rarraba aikin ne yadda kowa zai iya cewa ba nasa ba ne. NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja a 1993, hukuma ce ta tarayya, kuma aikinta abincin da aka sarrafa aka ƙunshe don sayarwa: ta duba masana'anta, ta gwada kaya, ta ba da lamba. Hukumar SON ita ke tsara ma'aunin da kaya za su cika. Lafiyar saniyar kanta tana hannun likitocin dabbobi, na ma'aikatar jiha da na tarayya, ƙarƙashin dokar yaƙi da cututtukan dabbobi. Kasuwa kuwa, da shaguna, da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci, tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma, a jadawalinsa na huɗu, wuri ɗaya da mayanka da tashoshin mota. Ma'aikacin da ya kamata ya riƙe wannan igiyar shi ne duba-gari. Tsofaffi suna tuna lokacin da jin an ce ga duba-gari nan ya isa a zubar da ruwan randa a share tsakar gida. Yau mai nono ta fi sanin yaron da ke yankar rasit ɗin kasuwa, kuma shi ba ruwansa da abin da ke cikin ƙwaryar.

Kada a ce ba a motsa ba a sama. A watan Yunin 2024 an ƙaddamar da manufar ƙasa kan madara, a watan Yuli Shugaba Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, kuma kwamitin da aka ɗora wa gyaran harkar kiwo, ɗan jihar nan Farfesa Attahiru Jega ne aka sa ya ja ragamarsa tare da shugaban ƙasa. Amma yawancin zancen Abuja na yawa ne: a ƙara lita, a kawo irin shanu masu nono, a rage dalar da ake kashewa wajen sayo madara daga waje, wadda jami'ai kan ce ta kai biliyan ɗaya da rabi a shekara. Zancen ko litar da muke da ita yanzu lafiyayya ce, wannan bai cika samun mai ɗauka ba.

Tambayi kowa a gari me yake tsoro a nono, zai ce maka ruwa. Ƙorafi ne mai tsohon tarihi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji labarin Sayyidina Umar yana zagayen dare a Madina, ya ji uwa tana ce wa 'yarta ta ƙara wa madara ruwa tunda Sarkin Muminai ba ya gani, yarinyar ta ƙi. Ya aura wa ɗansa Asim ita, daga tsatsonsu aka samu Umar ɗan Abdul'aziz. Abin da ba a cika lura da shi a labarin ba shi ne cewa uwar tana maganar wata doka ce da ke akwai. Shugaba ya hana algus a madara, an yi shela, kuma yana fita da kansa ya ga ko ana bi. Sa ido a kan madara ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana.

Algus ɗin kuma yana nan. Ana ƙara ruwa, in ya tsinke a mai do masa da kauri da garin ƙwallon kuka ko ɗan sitaci, wani lokaci a haɗa da madarar gari. Na taɓa ganin wani abokina likitan dabbobi ya yi gwajin a tsakar gidansa. Ya zuba nono a kofi biyu, ya ɗiga aidin ɗin wankin ciwo a kowanne. Ɗaya ya yi ɗan rawaya-rawaya ya tsaya nan. Ɗayan, kafin ya ajiye kwalbar, ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu kamar an tsoma shi a marina. Uwargidansa ta leƙo ta ce, "Kai, Dakta, wannan ai na wadda muke saye kullum ne." Ya ce, "To Hajiya, kunun rogo kike dama mana fura da shi." Na ruwa kuwa akwai ɗan ma'auni na gilashi, laktomita, da ake jefawa cikin madara. Madarar da ba a taɓa ba nauyinta yakan tsaya tsakanin 1.028 da 1.033 in an gwada shi da na ruwa. In an sirka, ma'aunin sai ya ƙara nutsewa. Kuɗinsa bai kai na cika tankin babur sau biyu ba.

Sai dai a ganina mun ɗora tsoronmu a inda bai fi dacewa ba. Ruwa a nono cutar aljihu ce, sai fa in ruwan na kududdufi ne, to nan ya zama cutar ciki. Abubuwan da suka fi haɗari ba sa canza kauri, ba sa canza ɗanɗano, kuma mai nonon da ta fi kowa gaskiya tana iya kawo maka su ba tare da ta sani ba.

Ɗauki bakkale. Makiyayi ya san shi: saniya ta yi ta ɓari a ƙarshen ciki, mabiyiya ta maƙale, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa. Ƙwayar cutar tana fita ta cikin madara, kuma saniya tana iya yin kyau da ƙiba tana zubar da ita. In ta shiga mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon gaɓoɓi da baya, kasala. Duk wanda ya san asibitocinmu ya san sunan da za a raɗa wa wannan: maleriya da taifot. A sha magani, a ji sauƙi kwana biyu, a koma. Ba kasafai ake tambayar majinyaci ko yana shan ɗanyar madara ba. Haka tarin fuka na shanu. Yana bin madarar da ba a tafasa ba, ya fi kama yara, kuma sau da yawa ba a ƙirji yake fara nuna kansa ba, a kaluluwar wuya ne ko a hanji. Ga shi kuma ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara bai wa mai tarin fuka ba ya cin wannan nau'in.

Waɗannan biyun wuta tana kashe su. Abin da Bafaranshe Luwi Fastur ya share wa hanya ke nan a ƙarni na 19: a ɗumama madara zuwa maki 63 a ma'aunin zafi na tsawon minti 30, ko maki 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta nan take. Tafasawa a tukunya ma tana yin aikin. Amma akwai waɗanda tafasawa ba ta kawar da su gaba ɗaya. Na farko ragowar magani. Allurar kashe ƙwayoyin cuta, musamman doguwar nan mai ruwan ɗorawa da makiyaya ke kira da "El-e", ana sayar da ita a kowace kasuwar ƙauye, a rana, a kan tabarma, kuma makiyayi ne ke yi wa saniyarsa da kansa saboda likita ya yi nisa. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madarar. Wa zai zubar da tatsar kwanaki a gidan da ita ce kuɗin cefane? Maganin sai ya bi madara ya shigo gari kaɗan-kaɗan, ƙwayoyin cutar da ke jikin mutane su saba da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Matan ruga ma suna ganin alamar: madarar saniyar da aka yi wa allura ba ta son kama tsami, sai ta kwana ba ta yi barci ba. Na biyu gubar funfuna. In aka ciyar da saniya da dusa ko ƙuli-ƙuli ko 'ya'yan auduga da suka yi funfuna, wani ɓangare na gubar yakan fito a madara, kuma guba ce mai illa ga hanta. Wannan ya fi shafar masu turke shanu a bayan gari suna saya musu abinci, wato su ɗin da muke ɗauka sun fi waye.

Sai zafi, wanda a Kebbi ba sai an yi dogon bayani ba. Daga Maris zuwa Mayu rana kan haura maki 40. Madarar da aka tatso tana da kariya ta halitta da ke riƙe ta awa biyu zuwa uku, daga nan ƙwayoyin cuta su shiga ninkuwa kowane rabin awa ko ƙasa da haka. Ƙa'idar masana ita ce a saukar da ita zuwa maki 4 cikin waɗannan awoyin. A ruga babu firiji, hanya ba kyau, jarkar roba mai ƙaramin baki ba ta wankuwa har ƙasa.

To in haka ne, me ya sa ba a ga gari ya kwanta gaba ɗaya ba? Saboda kakanninmu sun gina nasu tsarin kariya ba tare da sun kira shi da wannan suna ba. Ba ɗanyar madara muke sha ba, nono muke sha. Tsami yana hana mafi yawan ƙwayoyin gudawa yaɗuwa, shi ya sa kindirmo ke jure rana inda madara ba za ta jure ba. Mata da yawa suna tafasa madarar kafin su zuba mata iri. Ana wanke ƙwarya a shanya ta a rana ta bushe ƙarau. Sannan akwai sanayya. Gida yana da mai nononsa, shekara goma ko fiye. "Inna, na yau ne?" "Na yau na, ɗana, ɗanɗana ka ji." In ya yi tsala da yawa gobe za a faɗa mata, in aka sake za a sauya ta, kuma ta san da haka. Wannan ma sa ido ne, mai ƙarfi ma kuwa. Gurguncinsa ɗaya: harshe yana gane ruwa da tsufa, ba ya gane bakkale, kuma tsami ba ya ba da tabbacin kashe ƙwayar bakkale ko ta tarin fuka in madarar ba ta ga wuta ba.

Wannan tsohon tsarin ne ke kwancewa yanzu. Gari ya faɗaɗa ya cinye makiyayar da ke kusa, rashin tsaro ya kori wasu rugagen ya tura wasu nesa, nono ya koma yin doguwar tafiya. Tsakanin mai tatsa da mai sha an samu 'yan tsakiya: mai babur da ke bi ruga-ruga yana haɗa na gida goma a jarka ɗaya, ya kai wa mai shago. Saniya ɗaya mai cuta ta isa ta ɓata jarkar, kuma ba mai iya komawa ya gano ta. Shagunan fura da yogot kuwa sun cika gari, da injin markaɗe da firiza, suna ɗura wa a gorar da ba take ba lamba. Su ba kamfani ba da NAFDAC za ta sani, su ba mai ƙwarya ba da sanayya za ta tsare. Firizar nan ma takan zama tarko: wuta ta ɗauke da dare, kaya su huce, ta dawo da asuba su sake sanyi, mai saye ya taɓa gora ya ji sanyi ya kwantar da hankalinsa. A nan ne, ba a ruga ba, nake ganin gibin ya fi faɗi.

Akwai kuma ƙaryar suna. Saniyarmu, Bokolo ce ko Rahaji ko Bunaji, abin da ake samu a wurinta bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, da rani ma ya gaza haka, ga garken ya yi kudu neman ciyawa. A shekarun nan azumi yana faɗowa ne a cikin rani, lokacin da kowane gida ke neman nonon buɗa-baki. Nono ya yi ƙaranci, masu nema sun ninka, amma shaguna ba sa yankewa. Daga ina? Daga buhun madarar gari mai kilo 25. Yawancin wadda ke shigowa Afirka ta Yamma an cire mata man shanunta an maye gurbinsa da man ja da aka tace, kuma harajin shigo da irin wannan buhun a ƙarƙashin tsarin ECOWAS kashi 5 ne kacal cikin ɗari. Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni shida a Fabrairun 2020, ya kuma janye takunkumin a Maris 2024. Yogot ɗin madarar gari ba haram ba ne, in an yi shi da ruwa mai tsafta yana iya fin na ruga aminci. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan kindirmon shanu, a farashin kindirmon shanu, ita kuma mai shanun a bar ta tana gasa da buhun da ya fi ta araha.

Manyan biranen duniya duk sun bi ta wannan mararraba. A Niyok ta Amurka, a 1858, jaridu suka tona yadda ake tsare shanu a jikin masana'antar giya ana ciyar da su da dusar da ta rage, ana gyara launin madarar da alli da gari, jarirai suna mutuwa da dubbai. Sai bayan wannan aka fara doka, kuma sai a 1908 Shikago ta wajabta ɗumama madara kafin sayarwa. A Sin, a 2008, an zuba sinadarin melamin don a yaudari na'urar gwaji, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka mutu, abin da ke nuna cewa kamfani da lamba ma ba su isa a yi barci ba. Amma darasin da ya fi kusa da mu na Kenya ne. Can ma yawancin madara ta hannun ƙananan 'yan talla take bi, kuma shekaru aka yi jami'ai suna farautarsu, suna ƙwace kaya, su kuma suna ba da na goro suna wucewa. Madarar ba ta gyaru ba. Daga 2004 aka sauya salo: a koyar da su tsafta da gwaji, a ba su lasisi, a sa su riƙa amfani da mazubin ƙarfe mai faɗin baki. A Indiya kuma, tun daga ƙungiyar makiyaya ta garin Anand a 1946, dabarar ita ce wurin tattarawa a kowane ƙauye, safe da yamma, a gwada maiƙon madarar kowa a gabansa a biya shi gwargwadon abin da aka gani. Wanda ya ƙara ruwa kansa ya cuta.

Abin da nake gudu shi ne ranar da wani abu zai faru, Allah ya kiyaye, gidan biki ya kwashi gudawa, hukuma ta farka a firgice ta aika a kori masu ƙwarya daga bakin titi. Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne mafi muni. Nonon ba zai daina shigowa ba, zai koma bin lungu ne. Kuma a gidan Bafulatani nono na mace ne. Da shi take sayen gishiri da sabulu da zanen 'yarta. Ko wuraren tattara madara na zamani, in ba a yi hattara ba, suna da wannan illar: an ga inda kamfani ya zo, aka rubuta sunayen magidanta, kuɗin madara ya tashi daga hannun mata ya koma aljihun maza. Duk rajistar da za a yi, sunan mai ƙwaryar ya kamata a rubuta.

Aikin da ke gaban jiha da ƙaramar hukuma bai kai girman yadda ake zato ba. Hanyoyin da nono ke shigowa Birnin Kebbi ƙidayayyu ne. Rumfa a bakin kowacce, da tankin sanyi mai aiki da hasken rana, da duba-gari ɗaya riƙe da laktomita da kwalbar aidin, sun isa a fara. Shagunan yogot a ƙirga su, a duba ruwansu da firizarsu, a tilasta musu tafasa madara, a kuma sa kowa ya rubuta a jikin gora ko na shanu ne ko na gari, da ranar da aka yi. Gwajin bakkale da ragowar magani yana buƙatar ɗakin gwaji, amma ba daga Turai za a nemo shi ba: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tana da tsangayar likitan dabbobi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana nan tun 1924. Tun da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin rashin kuɗi ya kamata ya fara raguwa, in har hukuncin ya sauka daga takarda.

Mafi wuya shi ne bakin saniyar. Makiyayi ba zai kawo garkensa a gwada ba in ya san sakamakon shi ne a ce ya yanka saniyar da ta kamu ba tare da diyya ba, kuma ba zai zubar da madarar kwanakin allura ba in ba wanda zai rage masa asara. Sai likita ya riƙa zuwa ruga da rigakafi da magani kafin ya zo da sirinjin ɗibar jini, sai an bi ta hannun arɗo, sai kuma hanyar ta zama wadda ma'aikaci zai bi ya dawo gida lafiya. A wasu sassan kudancin jihar da iyakarta da Zamfara, wannan sharaɗin na ƙarshe bai cika ba tukuna, kuma shanun can ma ana tatsarsu kowace safiya.